Gida a Kan Taya: Tarihin Hutun Karaban da Zumuncin Zango a Birtaniya

Da zarar hunturu ya fara ja da baya a Birtaniya, wajen ƙarshen watan Maris, akan ga wani aiki ya tashi a ƙofar gidaje da filayen ajiya. Magidanta suna yaye tamfol daga kan wani farin ɗaki mai taya, suna wanke shi, suna duba birki da fitilu da tukunyar gas. Wannan ɗaki shi Turawan ƙasar suke kira karaban, Hausa kuwa ta daɗe da raɗa wa irinsa suna mai dacewa, wato tafi-da-gidanka. A cikinsa akwai gado da murhu da wurin zama, kuma mota ce take jansa. Daga hutun Ista zuwa watan Oktoba, iyalai masu ɗimbin yawa suna jan irinsa zuwa bakin teku ko gindin tsaunuka, su sauka a wani fili tare da mutanen da ba su taɓa gani ba.

Abin mamakin yana cikin halin da ake nunawa a filin. An san mutumin Ingila da kame kai. Yakan yi shekaru yana shiga jirgin ƙasa ɗaya da wani ba su taɓa gaisawa ba. Amma a wannan fili, baƙo bai gama kashe mota ba wani ya taso ya taya shi daidaita ɗakinsa, kafin magariba kuma an miƙo masa kofin shayi. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin masu wannan hutu, Camping and Caravanning Club, har kirari take yi wa kanta da cewa ita ce ƙungiyar zumunci. Tarihi ya nuna cewa gina wannan zumunci aka yi. Doka ta ba ma'aikaci lokaci, masana'antu suka sauko da farashi, ƙungiyoyi suka kafa ƙa'idojin zama. Tarihin ya kuma nuna cewa an kewaye zumuncin da shinge, kuma waɗanda aka bari a waje su ne mutanen da aka kwaikwayi rayuwarsu tun farko.

Kalmar da ta yi doguwar tafiya

Asalin kalmar karaban Farisanci ne, kuma ma'anarta ta farko ita ce ayari: taron fatake ko mahajjata da suke tafiya tare domin tsaro. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 16. Daga baya ma'anar ta sauka daga kan taron matafiya ta koma kan rufaffiyar karusar da ake ɗaukar mutane da kaya a ciki. Saboda wannan asali, babu sunan da ya fi dacewa da filin da masu karaban suke sauka kamar zango.

Waɗanda suka fara zama a cikin irin wannan karusa a Ingila ba hutu ya fito da su ba. A farkon ƙarni na 19, masu wasannin kasuwa da masu yawo da namun daji don nuna wa jama'a sun riƙa kwana a karusarsu tsakanin gari da gari. Charles Dickens ya siffanta irin wannan gida a littafinsa *The Old Curiosity Shop* wanda ya fito a 1840 zuwa 1841. Wajen tsakiyar ƙarnin, al'ummar Romani su ma suka rungumi karusar. Kakannin waɗannan mutane daga arewacin Indiya suka taso, suka iso Birtaniya a farkon ƙarni na 16. Mutanen ƙasar sun zaci daga Masar suke, daga nan sunan Jifsi ya samo asali. Kafin karusa a tanti suke kwana, amma cikin 'yan shekaru suka mayar da ita abin ado mai sassaƙa da fenti, suna kiranta bardo a harshensu.

Hukuma ba ta taɓa sakin jiki da su ba. Tun 1530 aka yi dokar korarsu daga Ingila, a 1554 kuma aka ƙara da hukuncin kisa ga wanda ya ƙi fita ko ya ƙi barin yawo. A shekarun 1880 wani mai fafutuka, George Smith na garin Coalville, ya dage sai majalisa ta yi dokar yi wa gidajen tafi-da-gidanka rajista da binciken cikinsu. Masu wasannin kasuwa suka haɗa kai a 1889 suka kafa ƙungiyar kare kansu, ƙudurin bai zama doka ba. Wato a lokacin da masu hali suka fara sha'awar karusa, zama a cikinta alama ce ta wanda jama'a suke yi wa kallon zargi.

Likita da karusarsa

Mutumin da ya mayar da karusa kayan shaƙatawa shi ne Dokta William Gordon Stables, ɗan Sikotlan, tsohon likitan sojan ruwa wanda ya koma rubuta littattafan yara. Ya sa kamfanin Bristol Wagon and Carriage Works ya ƙera masa karusa ta katako mai tsada, nauyinta ya kai kimanin tan 2, ya raɗa mata suna The Wanderer, ma'ana mai yawo. A 1885 ya tashi daga Twyford a kudancin Ingila ya nufi Inverness a arewacin Sikotlan, dawaki biyu suna jan karusar. Yana tare da mai kora dawaki da hadimi da ƙaton kare da aku. Hadimin yakan wuce gaba a kan keke mai ƙafa uku don duba hanya da neman masauki. A 1886 Stables ya fitar da littafi a kan tafiyar, wadda ya ƙiyasta mil 1,300.

Littafin ya ja hankalin masu kuɗi da suka gaji da hayaƙin birane. Suka fara kiran kansu Jifsi masu daraja. A cikin wannan laƙabi akwai sha'awa, akwai kuma nesanta kai: suna son 'yancin hanya da wutar dare da kukan tsuntsaye, amma ba sa son ɗan sanda ya ɗauke su a matsayin Jifsi na ainihi.

A watan Yunin 1907 wani lauya mai suna J. Harris Stone ya tara mutum 11, maza da mata, a Landan, suka kafa Caravan Club. Aka ba Stables muƙamin mataimakin shugaba. A 1908 suka yi taronsu na farko a fili, a ƙauyen Ockham na yankin Surrey. Babbar matsalar da ta haɗa su ita ce wurin sauka. Kusan kowace ƙasa a Ingila tana da mai ita, manomi kuwa ba ya buɗe wa baƙuwar karusa ƙofar gonarsa haka kawai. Ƙungiyar ta shiga tattara sunayen manoma da masu masauki da suka yarda su karɓi membobinta, su kuma membobin suka ɗauki nauyin barin wuri da tsabta da biyan abin da aka yanka musu. Alamar ƙungiya a jikin karusa ta zama takardar shaida cewa mai ita mutumin kirki ne.

Akwai wani reshe na wannan tarihi da ya fito daga masu ƙaramin ƙarfi. Thomas Hiram Holding tela ne a Landan, wanda tun yana yaro, a 1853, ya ratsa filayen Amurka tare da iyayensa cikin ayarin karusai. Da ya girma sai ya ɗinka ƙaramin tanti da za a iya ɗaurewa a kan keke. A 1901 ya kafa ƙungiyar masu kwanan tanti da keke, da mutum 13, suka yi zangonsu na farko a Wantage. Kyaftin Robert Falcon Scott, mai binciken ƙarshen kudancin duniya, ya zama shugabanta a 1909, Robert Baden-Powell wanda ya kafa ƙungiyar sikawut kuma ya karɓa a 1919. Ita ce ta rikiɗe ta zama Camping and Caravanning Club ta yau. Daga wannan reshe aka gaji ɗabi'ar kowa ya yi aikinsa da hannunsa, kowa kuma ya taimaki na kusa da shi.

Mota, sannan lokaci

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe dawaki da hadimai, ya kuma koya wa dubban matasa tuƙi. A 1919 wani uba da ɗansa, dukansu masu suna Bill Riley, suka fara ƙera karaban da mota za ta ja, a kamfaninsu Eccles da ke Birmingham. A 1935 aka fara sayar da gas na tukunya mai suna Calor, wanda ya sauƙaƙa girki da haske. Duk da haka, har zuwa ƙarshen shekarun 1930 hutun karaban na likitoci ne da lauyoyi da tsofaffin hafsoshi, domin sai mai mota yake iya jan ɗaki.

Abin da ma'aikaci ya rasa ya wuce mota. Ba shi da lokaci. Dokar 1871, wadda ɗan majalisa John Lubbock ya gabatar, ta ba da 'yan ranakun hutun banki ne kawai a shekara. A garuruwan masaƙu na Lancashire akwai al'adar rufe masana'antun gari gaba ɗaya na mako guda a lokacin zafi, amma ba a biyan albashin wannan mako. Don haka ma'aikata suka riƙa zuba kuɗi kowane mako a wani irin asusu na unguwa ko na masaƙa, a fasa shi ana jibi tafiya, gari ya ɗunguma zuwa Blackpool a jirgin ƙasa. A nan ɗokin hutu ya samo siffarsa: mako ɗaya ne, amma ana tanadinsa da zancensa makonni hamsin da ɗaya.

A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi. Birtaniya ta biyo baya da dokar 1938, wadda ta buɗe hanyar hutun mako ɗaya da albashi ga ma'aikatan da hukuma take ƙayyade mafi ƙarancin ladansu. Yaƙi na Biyu ya katse amfanin dokar, sai bayansa ta yi tasiri, kuma a shekarun 1950 hutun mako biyu ya zama ruwan dare.

Saura farashi. Sam Alper, haifaffen gabashin Landan a 1924, ya lura cewa karaban ɗin lokacin ya yi nauyi kuma ya yi tsada. A ƙarshen shekarun 1940 ya fitar da wani ƙarami mara nauyi mai suna Sprite, a kan ƙasa da fam 200, wanda ƙaramar motar iyali za ta iya ja. An daina rabon man fetur da kati a watan Mayun 1950. Motocin masu zaman kansu sun tashi daga kimanin miliyan 2 a 1950 zuwa kusan miliyan 10 a 1970, kuma babbar hanyar mota ta farko ta buɗe a Preston a 1958. A 1963 Alper ya haɗe kamfaninsa da Eccles da wani kamfanin ya kafa Caravans International, wanda ya zama jagaba a wannan sana'a.

Wanda ba shi da mota ma bai rasa rabo ba. An cika gaɓar tekun Lincolnshire da ta arewacin Wales da karaban na girke, waɗanda ba sa motsi, ana hayarsu mako-mako. Ma'aikatan haƙar kwal na kudancin Wales sukan sami hutunsu a makon ƙarshe na Yuli da makon farko na Agusta, da yawansu kuma Trecco Bay suke nufa a garin Porthcawl. Unguwa guda takan tashi ta sake zama a bakin teku, maƙwabcin gida ya zama maƙwabcin zango. Iyali sukan kama gurbin baɗi tun kafin su bar na bana.

Yadda zango yake haifar da zumunci

Dalili na farko buƙata ce. Komawa da baya da mota mai jan ɗaki aiki ne mai wuya, domin in direba ya juya sitiyari dama sai ɗakin ya nufi hagu. Dole wani ya tsaya a baya yana nuni da hannu. Idan ƙasa ba ta daidaita ba sai an sa katako a ƙarƙashin taya. Idan ruwan sama ya jiƙa ciyawa, taya ta kafe, sai an taru an tura. Tukunyar gas takan ƙare ana tsakiyar girki, guduma takan ɓata. Kowa a zango ya taɓa shiga irin wannan hali, kuma ya san gobe ma zai iya shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dalili na biyu tsarin wurin ne. Ɗakin karaban ƙarami ne, don haka rabin rayuwa a waje ake yinta, a kan kujerar naɗewa a bakin ƙofa. Famfo ɗaya ne, wurin wanke kwanuka ɗaya, banɗaki na kowa da kowa. Manajan banki da direban bas suna haɗuwa da sassafe, kowa da tawul a kafaɗa, kowa yana gangaro da gangar ruwansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tufafin ofis da girman gida, waɗanda suke raba mutane a birni, an baro su a can. Akwai kuma abin zance wanda ba ya jawo rigima: nauyin ɗaki, ƙarfin mota, hanyar da aka biyo, yanayin sama.

Dalili na uku ƙa'ida ce. A zangon ƙungiya akan bar tazarar mita 6 tsakanin ɗaki da ɗaki saboda gobara. Mota ba ta wuce gudun mil 5 a awa. Kare yana ɗaure, hayaniya tana ɗaukewa da dare, kuma akwai mai kula da zango da yake tabbatar da hakan. Wanda ya san ba za a taka masa iyaka ba ya fi saurin sakin fuska. A tarukan ƙarshen mako da rassan ƙungiya suke shiryawa a filin makaranta ko gonar wani, masu masaukin 'yan sa-kai ne. Sukan tarbi kowa, su nuna masa gurbinsa, ranar Lahadi kuma a taru a gindin tuta a yi sanarwa, a yi maraba da sababbi, a taya masu bikin ranar haihuwa murna, a raba 'yar alamar tunawa da taron.

Dalili na huɗu shi ne gajartar zaman. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Maƙwabcin zango kwana uku ne ko bakwai, ba zai nemi rance ba, ba zai shiga rigimar iyakar gida ba. Alheri a nan ba ya jawo nauyi mai tsawo, shi ya sa yake da sauƙin bayarwa. Waɗanda jininsu ya haɗu sukan yi musayar adireshi, su aika wa juna katin Kirsimeti, su shirya haɗuwa a wuri ɗaya baɗi. Ta haka zumuncin ya zama wani ɓangare na ɗokin. Abin da ake jira a watannin sanyi ya haɗa da teku da rana, ya kuma haɗa da fuskokin bara.

Ayari ya dawo a Amurka

A Amurka ma an bi irin wannan hanya. A 1919 masu yawo da motar Ford samfurin Model T suka kafa ƙungiya a wani dandali a Tampa ta jihar Florida. Mutanen gari suna yi musu ba'a da cewa abincin gwangwani kawai suke ci, sai suka karɓi ba'ar ta zama sunansu, Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani. Sukan liƙa gwangwani a murfin lagireto don su gane juna a hanya, suna da gaisuwar hannu ta sirri, shugabansu kuma ana kiransa da laƙabin mabuɗin gwangwani na sarauta. A ƙarƙashin wannan raha akwai manufa irin ta Caravan Club: tsabtar zango da kyan hali, domin garuruwa su daina korarsu.

Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream mai ƙera ɗakunan alminiyam masu sheƙi, shi ya mayar wa kalmar da ma'anarta ta asali. Daga 1951 ya fara jagorantar masu sayen ɗakunansa cikin jerin gwano zuwa ƙasashen waje, shi ne madugu, kowa da shuɗiyar hula da jar lamba a goshin ɗakinsa. A 1959 ya taso da ɗakuna 41 daga Cape Town, suka ratsa Kwango da Yuganda da Kenya da Habasha da Sudan, suka isa Alƙahira a 1960. A irin wannan tafiya, inda gatari yake karyewa kuma laka take riƙe mota kwana da kwanaki, taimakon juna shi ne sharaɗin isa.

Sai dai a shekarun da waɗannan ƙungiyoyi suke bunƙasa, baƙar fatar Amurka da ya fita da iyalinsa a mota yana buƙatar littafin jagora na musamman, wanda Victor Hugo Green ya fara bugawa a 1936, don ya san inda za a yarda ya kwana. A gandun shaƙatawa na Shenandoah an ware wa baƙaƙe zango nasu daban a Lewis Mountain. Fara'ar zango tana da iyaka a can ma.

Shingen

A Birtaniya doka ce ta ja iyakar. Bayan Yaƙi na Biyu an yi ƙarancin gidaje, mutane da yawa suka koma zama a karaban dindindin. Rahoton da Sir Arton Wilson ya gabatar wa gwamnati a 1959 ya ƙiyasta mutum 150,000 a cikin karaban 60,000. Majalisa ta amsa da dokar 1960, wadda ta wajabta lasisi da izinin hukumar tsara gari ga duk filin da za a ajiye karaban.

Ƙungiyoyin hutu sun fita daga wannan doka da riba. An amince musu su gudanar da tarukansu ba tare da lasisi ba, an kuma ba su ikon ba manomi takardar shaidar karɓar karaban har guda 5 na membobinsu. Dubban ƙananan zanguna da suke warwatse a karkarar Birtaniya a yau daga wannan sashe suka fito. Sunan kirki da aka shekara hamsin ana tarawa ya zama haƙƙi a rubuce. Mijin Sarauniya, Yarima Philip, ya riga ya zama uban Caravan Club tun 1952.

Ga Romani da matafiya 'yan asalin Ailan kuwa, dokar ta zo da akasin haka. Ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ajiye karaban a filayen gama-gari da kakanninsu suka saba sauka. Manomin da yake barinsu su zauna a gonarsa ya shiga haɗarin tara. Dokar hanyoyi ta 1959 kuma ta riga ta ambaci Jifsi da suna cikin waɗanda laifi ne su yada zango a gefen titi. Aka wayi gari ana tashinsu daga wuri zuwa wuri, babu inda doka ta yarda su tsaya.

Ɗan majalisa Eric Lubbock, jikan John Lubbock mai dokar hutun banki, shi ya gabatar da dokar 1968 da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar musu da wuraren zama. Nauyin ya fara aiki a 1970, hukumomi da yawa suka yi ta jan ƙafa, a 1994 kuma aka soke shi. An ce musu su sayi fili da kuɗinsu, amma samun izinin zama a kansa ya zama wani dutsen. A watan Oktoban 2011 aka tashi iyalai da dama da ƙarfin 'yan sanda daga Dale Farm a yankin Essex, daga filin da yake mallakarsu amma babu izinin zama a kansa. Ƙidayar 2011 ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na waɗannan al'ummomi a Ingila da Wales suke zaune a karaban ko makamancinsa, saura suna gidajen bulo.

Shingen ya shiga har cikin harkar hutu. Tun 1988 kotu ta amince cewa Romani ƙabila ce da dokar hana wariya take karewa, a wata shari'a da ta taso daga allon da wani gidan giya ya kafa na hana matafiya shiga. Duk da haka, a 2021 hukumar kare daidaito ta Birtaniya ta tabbatar da cewa kamfanin wuraren hutu na Pontins yana da jerin sunayen dangi na Ailan da aka umarci ma'aikata su ƙi karɓa, kuma yana amfani da ƙa'idar hana motocin sana'a don tace baƙi.

Abin da ya rage

Hutun karaban ya sha faɗi-tashi. Jiragen sama masu araha sun janye jama'a zuwa gaɓar Sifaniya, tsadar mai ta 1973 ta taɓa aljihu, kamfanin Alper ya durƙushe a 1982. Amma al'adar ba ta mutu ba. Ɗakunan yau suna da wutar lantarki da banɗaki da na'urar ɗumama ɗaki, wasu har da injin da yake tura su cikin gurbi ba tare da taimakon kowa ba. A 2017 Caravan Club ta ƙara motocin kwana a cikin sunanta, ta zama Caravan and Motorhome Club. Da aka sake buɗe zanguna a Ingila ranar 4 ga Yulin 2020 bayan kullen korona, sababbin masu sha'awa sun yi tururuwa, domin ɗaki mai ƙofarsa da murhunsa ya dace da zamanin nesa-nesa da juna. Tsofaffin hannu suna ƙorafin cewa jin daɗin cikin ɗaki yana rage zaman waje, kuma duk abin da ya rage buƙatar maƙwabci yana rage dalilin gaisawa da shi. Ƙorafin yana da tushe, tunda buƙata tana cikin ginshiƙan da aka ɗora zumuncin a kai.

Karusar Stables tana nan har yau, ƙungiyar tana adana ta a zangonta na Broadway a yankin Worcestershire. Magadan wannan likita suna da taswirar wuraren sauka, da lambar waya, da gurbin da aka tanadar musu tun watanni kafin su iso. Fara'arsu ta gaskiya ce, amma fara'a ce ta mutanen da kowannensu ya san yana da izinin kwana a inda ya tsaya, yana kuma da gidan da zai koma. A 2022 majalisa ta yi sabuwar doka ga Ingila da Wales wadda ta mayar da zama a cikin abin hawa a filin wani ba da izini ba laifi, idan an ce mutum ya tashi ya ƙi kuma ana ganin zaman zai jawo babbar ɓarna ko damuwa. Hukuncin ya kai ɗaurin wata 3 ko tarar fam 2,500, kuma 'yan sanda suna iya ƙwace abin hawan. A watan Mayun 2024 babbar kotu ta ce wani sashe na dokar ya saɓa wa haƙƙin ɗan'adam, bayan ƙarar da wata mace Baromaniya ta shigar. Ga mai hutu, ƙwace karaban asarar dukiya ce da rushewar shirin bazara. Ga iyalin da aka haifa a cikinsa, gidan ne gaba ɗaya ake ɗaukewa.